Wasiƙar da Na Kai Yamai da Hannuna

Duk wadda ta taɓa tashi daga Konni ta tafi Yamai da jakarta kaɗai, ta ɗaga hannu in gan ta. Babu ko? Na sani. To ku gyara zama, 'yan'uwa, yau zan ba ku labarin yadda ni da maigidana muka tafi kallon birni muka ɓuge da rabon albasa, da yadda na ɗauki ƙarar kaina da hannuna na kai ta har ƙetaren kogi ban sani ba.

Sunana Sahiya, 'yar Tajaye ce ni, aure ya kawo ni Konni. Mijina Imrana malamin lissafi ne a kwaleji, amma Mushe nake ce masa, wato malam da Faransanci, kamar yadda 'yan ajinsa ke yi, don bakina bai iya kama sunansa. Shi ne auta a gidansu, shi kaɗai kuma ya yi lakwal, wato makarantar boko, yayyensa huɗu duk direbobi ne. Gida ɗaya muke, sassa biyar, tsakar gida ɗaya, famfo ɗaya. Bango ɗaya ya raba ɗakinmu da na Hajiya, mahaifiyarsa. In na yi atishawa, Hajiya ce ke fara yi mini addu'a.

Shi ya sa rabin hirarmu a salula muke yi. Yana zaure, ina murhu, sai in ji 'yar Nokia ta yi motsi a ƙugu: “Miyar jiya ta hi ta shekaranjiya.” In amsa masa: “Ta yau sai ka sayo nama.” Shekara guda cif, duk wata magana mai daɗi da ta shiga tsakaninmu, da yatsa aka faɗe ta.

Hajiya ba muguwa ba ce, kada ku yi mini fassara. Mace ce mai kyauta, ko kaza aka yanka ni take ajiye wa hanta. Sai dai tun wata na shida da tarewata idonta ya sauka daga fuskata ya koma kan zanena. Sai jiƙe-jiƙe suka fara shigowa, yau a kwano, gobe a gora. “Sha, ɗiyata, maganin sanyi na.” Ni da ita mun san ba sanyi ake nufi ba. Matan yayyen Mushe kuwa kowace da goyo, in suna hirar yaye sai su yi shiru in na iso, shirun da ya fi magana ciwo.

Abin da babu wanda ya sani shi ne wata biyu ke nan da 'yan kwanaki ban ga al'adata ba. Na sani, jikina ya gaya mini. Amma cikin fari a wajenmu ba abin da mace ke buɗe baki ta sanar ba ne, jira ake ya nuna kansa. Manya ban damu ba, su gani da idonsu. Mushe kaɗai nake so in gaya wa, kuma ba a mesaj ba. Na rantse wa kaina wannan maganar da bakina zai ji ta, kafin kowa, a wurin da babu bango mai kunne. A gidan nan kuwa babu irin wannan wurin.

Kwatsam ranar wata Talata, farkon Satumba na 2007, saura 'yan kwanaki a kama azumi, ina tsinke zogale sai ga mesaj:

“Lahadi mai zuwa shekararmu guda. Nasara na ce mashi anibarsar. Yamai, ni da ke, kwana ukku. Kada ki hwaɗa ma kowa.”

Na karanta sau uku, na zuba ganyen a shara na riƙe itacen. Ban taɓa wuce Dogonduci ba. Na ce a raina, Allah Ka ji ni ke nan.

Kada in faɗa wa kowa, in ji shi. Amma shi dole ya nemi izinin Hajiya. Ina jin su ta bango.

“Yamai? Mi za ku yi Yamai, Auta? Wa yar rasu?”

“Ba kowa, Hajiya. Kallo za mu.”

“Kallon mi?”

“Gari. Kogi, da gidan tarihi.”

Daga nan suka sassauta murya, abin da ba su saba ba, ban ƙara jin komai ba. Da ya fito ya ɗaga mini babban yatsa ta taga, amma bai yi dariya ba. Da ina da wayo da tun nan na tsargu.

Kafin la'asar ta Laraba unguwa ta ji. Kun san al'adarmu: mai tafiya ba ya ƙin saƙo. Wanda ya ƙi kai saƙo, ranar da ya kwanta ciwo a wani gari zai ga wanda zai kai masa fura. Matar babban wa ta kawo rabin buhun albasar Galmi, na ƙanwarta a unguwar Bukoki. Maƙwabciya ta kawo daddawa cikin gwangwanin madara, a kai unguwar Wadata. Tela Munkaila ya kawo kan keken ɗinki, wai a Yamai kaɗai ake da mai gyaransa. Wata tsohuwa da ban taɓa gani ba ta kawo zabbi biyu ɗaure da tsumma, ta ce na jikanta ne soja, ba ta san unguwarsa ba amma dogo ne. Mushe ya zauna da jan alƙalaminsa yana rubuta kowane saƙo da sunan mai shi, fuskarsa kamar ana cire masa haƙori.

Ranar Alhamis na sa lalle, na goge sabuwar atamfata mai ruwan ganye da ɗigon zinariya, da leshin da ban taɓa sawa ba tun na lefe. Ina ninkewa Hajiya ta kira ni. Ta miƙo mini farar ambulan, an liƙe bakinta da ƙullun fulawa.

“Wagga ta Salamatu ta, ƙanwata da ke Haro Banda. Hannu da hannu za ki ba ta. Ku tahi tare, ke da shi.”

“To, Hajiya.”

“Ita za ku hwara kai ma.”

Na durƙusa na karɓa da hannu biyu, har ina jin daɗi wai ni ta zaɓa ta ba amana. Na sa ta a ƙasan jakata, ƙarƙashin turare.

Juma'a da hantsi kar, babbar motar fasinja, ta ɗauke mu. Damina ta yi kyau, gero ya yi kai hagu da dama. Albasa na sama, keken ɗinki na ƙarƙashin kujera, zabbi na tsakanin ƙafafuna, daddawa kuwa tana ko'ina. Ni da ko warin man gyaɗa ba na so a kwanakin nan, sai na tura hanci cikin gyale ina tsotsar tsamiya. Mushe ya ce, “Mota ba ta karɓe ki ba.” Na ce, “Awo, mota ta.” Bayan mun wuce Doso direba ya rage gudu, mutane suka yi ca a tagogi: raƙuman dawa uku tsaye a gefen gona suna cin ganyen itace, ko kallonmu ba su yi ba. Na kama hannun rigarsa ban sani ba. Ya sunkuyo ya ce, “Na ɗaya ke nan,” ya zaro wata takarda daga aljihu ya ja layi.

Ashe takarda biyu gare shi. Ɗaya ta saƙonni. Ɗaya ta wuraren da zai nuna mini, ya jera su da lamba kamar jarrabawa: raƙuman dawa, Babbar Kasuwa, Babban Masallaci, gidan tarihi, gada.

Mun sauka a wani ɗan otal mai fanka da labule shuɗi. Na zaga ɗakin ina ƙwanƙwasa bango. Na ce yau dai zan faɗa. Na wanke fuska, na shafa hoda, na zauna bakin gado ina haɗa kalmomi. Sai mai otal ya buga ƙofa, wai zabbinmu sun kwance suna cikin ɗakin wani baƙo. Kafin a kama su an yi sallar magariba, ni kuma amai ya taso mini, maganar ta koma ciki.

Asabar muka fita tun da safe da taksi. 'Yan'uwa, Yamai gari ne. Tituna masu faɗi, gidaje bisa gidaje, mata kan babur da jaka a kafaɗa, raƙumi ɗauke da tabarmi yana jiran wutar hanya tare da motoci. Ina jin Zabarmanci ta ko'ina ina murmushi kamar ina ganewa. Amma duk ta tagar taksi na gani.

Don ba a ajiye saƙo a ƙofa a juya. A Bukoki sai da muka zauna, aka gaisa, aka tambayi kowa na gida da sunansa har awaki, aka kawo shinkafa da miya. A Wadata aka kawo dambu. Gidan mai gyaran keke aka kawo shayi, zagaye uku, ba a tashi sai an sha na ƙarshe. Kowane gida kuma sai sun ba mu wani saƙon mu koma da shi, har kayanmu suka fi na zuwa yawa. Sojan nan dogo sai da muka tambayi mutum bakwai kafin aka gane shi, ashe gajere ne, kakarsa ta daɗe ba ta gan shi ba.

“Ga Babbar Kasuwa can,” in ji Mushe muna wucewa. Ya ja layi.

“Wanga ba kallo ba na, Mushe, leƙe na.”

“An gani dai. Rabin maki.”

Na yi dariya har direba ya waiwayo.

Da la'asar muka samu muka shiga gidan tarihi. Nan kam na more. Na ga zaki kwance yana hamma, na ga ƙasusuwan wata dabba ta zamanin da, wuyanta ya fi zauren gidanmu tsawo. Mushe ya saya mini zoben azurfa wajen maƙeran Buzaye, ya sa mai hoto ya ɗauke mu, ya tsaya nesa da ni kamar ɗan rakiya sai da mai hoton ya ce ya matso. Muka tsaya gaban ramin dorina, babu kowa kusa. Dorinar ta fito da hanci tana huci. Zuciyata ta ce yanzu.

“Mushe.”

“Na'am.”

“Akwai maganad da ni ka so...”

Salularsa ta yi kuka. Ya duba, Hajiya ce, ya miƙe tsaye sosai kamar tana ganinsa. Ko a gaban allo yake, Mushe bai taɓa barin kiran Hajiya ya yi kuka sau biyu ba.

“Lahiya lau, Hajiya... A'a, ba mu kai ba tukuna... Gobe da sahe, in sha Allahu.”

Ya kashe, ya daɗe yana kallon ruwa. Ya ce, “Mi kika so ki ce?” Na ce ba komai. Sai a lokacin na lura: mun raba saƙo tara, wanda aka ce mu fara kaiwa shi ya bari ƙarshe.

Lahadi, ranar shekararmu, na sa leshina, na ɗaura kallabi irin na matan Yamai da na gani jiya. Taksi ta haye da mu gada zuwa Haro Banda, ina leƙen kogi ta kafaɗarsa. Tanti Salamatu doguwa ce mai tabarau, unguwarzoma ce da ta yi shekara talatin tana karɓar haihuwa a asibiti kafin ta huta. Ta rungume ni, ta riƙe ni nesa kaɗan tana duban fuskata, ta ce, “Hm.” Na durƙusa na ba ta ambulan.

Ta yage, ta gyara tabarau, ta fara karantawa a fili kamar mai karanta labarai a rediyo.

“Bayan gaisuwa mai yawa. Ga matar Auta nan na aiko maki. Shekara guda ke nan shiru. Yarinyar kirki ta, ba ni da abin cewa, amma hankalina bai kwanta ba. Ki dibe ta da kyau, in ta kama ki kai ta ga likita...”

Kunnuwana suka yi zafi. Na sunkuyar da kai. Kuma da ta juya takardar, hasken ƙofa ya bi ta bayanta, sai na ga jan alƙalami. Hajiya ba ta rubutun boko. Duk wasiƙar gidanmu mutum ɗaya ke rubuta ta.

Na dubi Mushe. Yana kallon takalminsa.

Ba zan ɓoye muku ba, na ji ciwo. Ba maganar Hajiya ba, ita na saba. Shi. Ya zauna ya rubuta “shekara guda shiru” da hannun da yake rubuto mini daɗin miya, ya bar ni na ɗauko ta cikin turarena ina murna. Ashe anibarsar ɗin asibiti ne aka yi wa kwalliya.

Tanti ta ninke takardar. “Imrana, tai waje ka sha iska. Ke, taho.”

Ta ja ni ɗaka ta rufe ƙofa. Ba ta ko ce in kwanta ba. Ta ja fatar idona, ta dubi wuyana, ta dubi tafin hannuna, ta ga tsamiyar da ke ƙulle a bakin gyalena. Sai ta zauna bakin gado ta yi ta dariya har tana share tabarau.

“Wata nawa?”

Na rufe fuska da gyale.

“Ni za ki yi ma kunya? Ɗiya dubu nawa nik karɓa da hannun ga. Biyu?”

“Da 'yan kwanakki,” na ce daga cikin gyale.

“Yaya na can tana ba ki sassaƙe, abu na nan zaune. Bari in kira ta.” Ta jawo salula.

Ban san lokacin da na riƙe hannunta ba. “Tanti, don Allah. Shi bai sani ba.”

“Mijin naki?”

“Gidanmu ba wurin magana. In Hajiya ta ji, kahin ya ji daga gare ni ya ji daga mutum goma. Ni ka so in hwaɗa mashi. Da bakina.”

Ta daɗe tana dubana ta saman tabarau. Ta ce, “Yaya ta kira ni sau ukku tun asuba. Ba ni iya yi mata ƙarya, ba ni kuma iya riƙe ta har azahar.” Ta duba agogon hannunta. “Kada ku shiga taksi. Ku taka gada da ƙahwa. In kun kai wancan bakin, ni ko na buga. Abin da kika yi tsakani, ruwanki.”

Muka fito. Ta ce wa Mushe, “Na gama nawa. Ku tai, ku bi gada a ƙasa, iska na da kyau gare ta.” Ya buɗe baki zai yi tambaya, ta rufe ƙofa.

Gadar doguwa ce, amma ranar gani na yi ta gajarce. Ina gaba yana baya. Motoci na wucewa, masu kekuna, wata mata da tulin kabewa a ka. Ƙasa kogi ya cika ya yi ja, masu wanki sun shanya kaya kala-kala a bakin ruwa, wani masunci na tura jirginsa da gora. Abin da na zo gani ke nan, amma hawaye ya hana ni gani da kyau.

“Sahiya.” Bai cika kiran sunana ba. “Tsaya ki ji.”

Ban tsaya ba.

“Tahiyag ga tawa ta, walle. Tun watan bakwai ni ka shirinta. Hajiya ta ce ba mu zuwa sai da wasiƙa. Ta hwaɗi, ni ko na rubuta. Ba da son raina ba.”

“Amma ka rubuta.”

“Na rubuta.” Ya biyo ni da sauri. “Jiya da dare kina barci na ɗauke ta daga jakarki, na so in yaga. Na kasa. Saƙo na.”

Wannan ya kusa ba ni dariya, don na san gaskiya ne. Mutumin da ya yi yawon bariki da zabbi yana neman dogon soja ba zai iya yaga ambulan ba.

Na tsaya. Mun kai tsakiya. Na dafa ƙarfen gada, ya zo ya tsaya gefena, ya bar tazarar nan tasa ta ɗan rakiya.

“Mi Tanti ta ce?” Muryarsa ta yi ƙasa. “Ko mi ta ce, ki sani ni ban auro ki don... Ko shekara goma ta, ko ba a samu ba sam, ni ban da wata magana. Hajiya ni ka iya da ita.”

“Kai? Kai da ba ka bari salula ta yi kuka sau biyu?”

Ya yi murmushin da bai kai ido ba. Sai na ga ashe tsoro yake ji, tun daga Konni tsoro yake ji, shi kaɗai, kamar yadda ni ma na riƙe nawa ni kaɗai, bango ɗaya da Hajiya. Fushina ya tafi, na neme shi na rasa.

Hannuna ya tafi ƙugu wajen Nokia, don sabo. Na dawo da shi. Na dubi dama, na dubi hagu. Babu bango ko ɗaya. Kunya ta taso mini tun daga ƙafa, na ce a raina Sahiya in kika bari kuka kai wancan bakin, kin yi asarar Yamai.

“Mushe.”

“Na'am.”

“Ciki gare ni. Wata biyu da 'yan kwanakki.”

Malamin lissafi ya tsaya yana ƙirga da yatsu. Ya kai biyu ya tsaya, ya sake farawa. Ya cire hula ya mayar. Ya dubi kogi, ya dube ni, idanunsa suka cika.

“Tun muna Konni?”

“Tun muna Konni.”

“Tsamiyan nan...”

“Ba mota ba ta.”

Ya yi wata dariya da ban taɓa jin irinta a bakinsa ba, mai ƙarfi, har mai kabewa ta waiwayo. A gida da tuni an ce lafiya. Ya matso, tazarar ta tafi, ya riƙe hannuna mai zoben azurfa a tsakiyar mutane, ni kuma ban janye ba.

Sai aljihunsa ya ɗauki kuka. Tanti ba ta jira mun kai wancan bakin ba, ko kuwa mu ne muka daɗe. Ya zaro. Na leƙa na ga sunan: Hajiya.

Salular ta yi kuka sau ɗaya. Ta yi na biyu. Na ce, “Ɗauka mana.” Ta yi na uku.

Ya mayar da ita aljihu tana ta kuka, ya gyara tsayuwa ya fuskance ni.

“Ta jira kaɗan,” ya ce. “Shekara guda ina karatunki a salula. Sake hwaɗi in ji.”